Dalilin da Ya Sa Kunne Ke Tsayawa a Kan Waƙoƙin Ƙuruciya

Da wuya a sami mutumin da ya haura shekara arba'in wanda bai taɓa cewa waƙoƙin yanzu hayaniya ce kawai ba, ko kuma bai ji sa'ansa ya faɗi hakan ba. Abin mamakin shi ne, lokacin da yake matashi iyayensa sun yi wa waƙoƙin da yake so irin wannan hukunci, su ma kuma nasu iyayen sun yi musu. Da a ce waƙa lalacewa take yi a kowane zamani kamar yadda ake faɗa, da tuni babu sauran abin saurare a duniya. Tunda ƙorafin yana maimaita kansa a bakin kowane rukuni na mutane da zarar sun kai wasu shekaru, ya kamata a nemi dalilinsa a wajen mai sauraro kafin a ɗora wa mawaƙi laifi. Masana halayyar ɗan'adam da masu nazarin ƙwaƙwalwa sun shafe shekaru sama da talatin suna bin diddigin wannan al'amari, kuma a 'yan shekarun nan manhajojin sauraron waƙa sun ƙara musu da tarin alƙaluman da ba su taɓa samun irinsu ba.

Ɗaya daga cikin binciken farko da ake yawan komawa gare shi shi ne na Morris Holbrook da Robert Schindler, wanda aka wallafa a Amurka a 1989. Sun tara mutane sama da ɗari masu shekaru daban-daban, suka kunna musu guntayen waƙoƙin da suka yi tashe tsakanin 1932 da 1986, sannan suka nemi kowa ya faɗi iyakar yadda kowace waƙa ta kwanta masa. Da aka haɗa amsoshin da shekarun masu amsawa, sai aka ga mutane sun fi son waƙoƙin da suka fito lokacin da suke wajen shekara 24, kuma son yana raguwa a hankali ga waƙoƙin da suka riga wannan lokaci da waɗanda suka biyo bayansa. Bayan kusan shekara talatin, a 2018, wani masanin tattalin arziki mai suna Seth Stephens-Davidowitz ya duba bayanan masu amfani da manhajar sauraron waƙa ta Spotify domin ganin yadda mutane masu shekaru daban-daban ke sauraron waƙoƙin da suka yi fice tsakanin 1960 da 2000. Ya gano cewa maza sun fi manne wa waƙoƙin da suka fito suna tsakanin shekara 13 da 16, mata kuma tsakanin 11 da 14, kuma ya danganta wannan ɗan bambanci da yadda mata kan riga maza balaga. Alƙaluman biyu ba su zo daidai ba, domin na farko ya tambayi mutane abin da suke so, na biyu kuma ya ƙidaya abin da suka kunna da hannunsu, amma dukansu sun faɗa cikin tsakanin shekara goma da talatin na rayuwa.

Wannan tsakani ba baƙo ba ne ga masu nazarin tunani. Tun a shekarun 1980 David Rubin da abokan aikinsa suka lura cewa idan aka nemi dattijo ya ba da labarin abubuwan da suka faru da shi, mafi yawan abin da zai tuno yakan fito ne daga shekarunsa na goma zuwa talatin, ba daga shekarun baya-bayan nan da ake zaton sun fi kusa da shi ba. A wannan lokaci ne mutum yake yin abubuwa da yawa a karon farko: abokan da ya zaɓa da kansa, soyayyar farko da rabuwar farko, barin gaban iyaye, da fara tambayar kansa wane irin mutum yake so ya zama. Waƙar da ke tashi a gefe yayin da waɗannan abubuwa ke faruwa takan shige cikinsu, ta yadda daga baya ba a iya raba ta da su. Shi ya sa mutum mai shekara hamsin, wanda bai iya tuna inda ya ajiye mabuɗinsa da safe ba, zai ji kiɗan buɗe wata waƙa na daƙiƙa biyu kacal, ya kama rera baitocinta daga farko har ƙarshe, har da wurin da mawaƙin ke jan numfashi. Abin da yake ji a lokacin ya wuce karin waƙar da kalmominta, domin tare da su fuskokin mutane da yanayin wani wuri ke dawo masa. Petr Janata na Jami'ar Kalifoniya ya nuna a 2009, ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa wani sashe da ke can gaba bayan goshi yana aiki sosai idan waƙa ta tuno wa mutum wani abu na rayuwarsa, kuma sashen yana da hannu a yadda mutum ke tunanin kansa. Ƙarfin wannan ɗauri ya kai ga cewa masu fama da cutar mantuwa ta Alzheimer sukan rera waƙoƙin ƙuruciyarsu a lokacin da sunayen 'ya'yansu suka ɓace musu.

Saboda haka gasar da ake shiryawa tsakanin tsohuwar waƙa da sabuwa a kunnen babban mutum ba ta adalci ba ce tun daga farko. Tsohuwar tana zuwa ne da rakiyar rabin tarihin rayuwarsa, sabuwar kuwa ba ta da abin da za ta nuna sai sautinta.

Akwai kuma batun sabo, wanda a ganina shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. A 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu, ko da baƙaƙen rubutu ne marasa ma'ana ga mai kallo, yana sa mutum ya ƙara son abin. A fagen waƙa wannan ya fi ƙarfi, saboda babban ɓangare na daɗin kiɗa yana cikin hasashen abin da zai biyo baya. Wani bincike da Valorie Salimpoor da Robert Zatorre suka yi a Jami'ar McGill ta Kanada, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana fitar da sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da waƙa ta kai wurin da ke sa tsikar jiki ta tashi, kuma tana fitar da shi tun a daƙiƙoƙin da suka gabaci wurin, wato lokacin da mai sauraro ke jiran isowarsa. Wanda bai san waƙa ba kuwa ba shi da abin da zai jira. Dole ne ya ji ta sau da yawa kafin kunnensa ya san inda take hawa da inda take sauka, idan kuma salon kiɗan gaba ɗaya baƙo ne gare shi, to sai ya koyi ƙa'idojin salon kafin ya iya jin daɗin yadda mawaƙi ke bin su ko karya su.

Matashi yana da abin da wannan koyo ke buƙata, wato lokaci da haƙurin maimaitawa. Waɗanda suka tashi a zamanin kaset sun san yadda ake sauraron kaset ɗaya har ya fara jan murya, a zare shi daga rediyo da zaren ya harɗe, a sa biro a ramin a naɗe shi a hankali, a mayar a ci gaba daga inda aka tsaya. A cikin irin wannan sauraro, waƙar da ba ta burge mutum a ji na farko ba takan zama wadda ya fi so a ji na ashirin, domin tana tsakanin waƙoƙi biyu da yake so, tsallake ta kuma aiki ne. Babban mutum mai aiki da iyali ba ya ba sabuwar waƙa ji ashirin, sau da yawa ma ba ya ba ta ji ɗaya cikakke. Idan ya sami minti talatin a hanyarsa ta komawa gida bayan gajiyar yini, abin da yake nema shi ne abin da ya tabbata zai sanyaya masa rai, kuma waƙar da ya sani ba ta saɓa alkawari.

Wani babban bincike da Arielle Bonneville-Roussy da Peter Rentfrow da abokan aikinsu suka yi a Jami'ar Cambridge, wanda ya fito a 2013 kuma ya ƙunshi mutane sama da 250,000, ya ƙara fito da wannan hoto. Matasa suna sauraron waƙa a kusan kashi 20 cikin ɗari na lokacin da suke farke, manya kuma wajen kashi 13. Matasa suna sauraro a ko'ina kuma a cikin jama'a, manya kuwa sun fi yi a keɓe. Nau'in abin da ake so ma yana sauyawa: sha'awar kiɗa mai zafi da ƙara da nuna tawaye tana da ƙarfi a shekarun samartaka sannan ta yi ƙasa, yayin da sha'awar kiɗa mai natsuwa, da mai sarƙaƙiyar tsari, da mai sauƙi marar kwalliya ke ƙaruwa da shekaru. Masu binciken sun danganta hakan da aikin da waƙa ke yi wa mutum a kowane mataki. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana amfani da ita wajen nuna cewa shi ba iyayensa ba ne, da kuma gane su wa ne nasa a cikin sa'o'insa, don haka rashin sanin waƙar da ake yayi yana iya mayar da shi saniyar ware a tsakanin abokai. Mai shekara arba'in da biyar ba ya asarar komai idan bai san ta ba. Ya riga ya san ko shi wane ne, abokansa sun ragu kuma sun tabbata, hirarsu kuma ta koma kan wasu abubuwa. A nan ne hanya mafi girma ta gano sababbin waƙoƙi ke toshewa, domin tun asali yawancin mutane ba su taɓa fita neman waƙa ba, abokai ne ke kawo musu ita har inda suke.

Sau da yawa akan ji ana cewa bincike ya tabbatar da mutum yana daina sauraron sababbin waƙoƙi da zarar ya kai shekara 33. Wannan adadi ya samo asali ne daga nazarin da Ajay Kalia ya yi a 2015 a kan bayanan masu sauraron Spotify a Amurka, sai dai abin da ya auna ya bambanta da abin da aka yayata. Ya auna ne yadda mawaƙan da mutum ke saurare suke kusa da waɗanda suka fi tashe a lokacin, ya ga cewa matasa suna tsakiyar yayi, sannan mutane suna janyewa daga gare shi a tsawon shekarunsu na ashirin da wani abu, har abin ya daidaita a wajen shekara 33. Ya kuma lura cewa maza sun fi mata saurin janyewa, masu 'ya'ya kuma sun fi marasa 'ya'ya. Janyewa daga yayi kuwa hanya biyu gare ta, kamar yadda shi kansa ya bayyana: wani yana komawa ne ga waƙoƙin ƙuruciyarsa, wani kuma yana kutsawa ne cikin salon da gidajen rediyo ba su cika sawa ba. Mutumin da a shekara arba'in ya fara bin kiɗan wata ƙasa mai nisa, ko ya nutsa cikin faya-fayan da aka naɗa tun kafin a haife shi, yana gano sabon abu a kowane mako, amma a irin wannan ma'auni zai fito a sahun waɗanda suka bar yayi. Haka nan binciken jin ra'ayi da kamfanin Deezer ya yi a 2018 a kan mutane 1,000 a Birtaniya, wanda ya sanya lokacin tsayawar a wajen shekara talatin da rabi, ya kamata a karɓe shi da tunanin cewa kamfani ne mai sayar da hanyar gano waƙa. Duk da haka dalilan da mutanen suka bayar abin lura ne, domin sun ambaci yawan abin zaɓa da nauyin aiki da renon yara, kuma da yawansu sun ce suna son sababbin waƙoƙi, lokaci ne ba su da shi.

Wannan ba yana nufin jiki ba shi da nasa hannun ba. Kunnen yaro mai lafiya yana kama sauti daga wajen hatiz 20 zuwa 20,000 (hatiz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma siraran sautukan da ke can sama su ne ke fara ɓacewa da shekaru, musamman ga wanda ya daɗe yana cikin ƙara. Wanda jinsa ya fara raguwa yakan sha wuyar tsinto kalmomi daga cikin kiɗa mai cunkoso, alhali a waƙar da ya sani ƙwaƙwalwarsa ce ke cike masa gurbin abin da kunnen ya rasa. Akwai ma shaidar cewa wata ƙofa tana fara rufuwa tun da wuri ƙwarai. Erin Hannon da Sandra Trehub sun nuna a 2005 cewa jarirai 'yan wata shida a Arewacin Amurka suna gane idan an ɓata ƙidayar kiɗa, ko kiɗan irin wanda aka saba ji a yankinsu ne ko kuma na yankin Balkan da ke Turai mai sarƙaƙiyar bugu, yayin da manyan wurin ba sa gane ɓacin sai a kiɗan da suka saba. Jarirai 'yan shekara ɗaya sun riga sun fara zama kamar manyan, amma bayan an yi mako biyu ana kunna musu kiɗan a gida sai iyawar ta dawo musu, abin da bai samu ga manya ba a irin wannan ɗan lokaci. Wato babba yana iya koyo, sai dai koyonsa ya fi cin lokaci, lokacin kuma shi ne abin da ya fi ƙaranci a hannunsa.

To, ko akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin cewa waƙar ce ta lalace? Masana sun gwada aunawa, kuma sakamakon bai zo bai ɗaya ba. Wani nazari da Joan Serrà ya jagoranta a Sifaniya a 2012, a kan dubban ɗaruruwan waƙoƙi daga 1955 zuwa 2010, ya nuna cewa ƙarar naɗi ta ƙaru kuma launukan sauti sun ƙara kama da juna. Wani kuma da Matthias Mauch ya jagoranta a Landan a 2015, a kan waƙoƙi kusan 17,000 da suka shiga jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard ta Amurka daga 1960 zuwa 2010, bai ga raguwar bambanci mai ɗorewa ba, sai dai ya ga manyan sauye-sauye uku a wajen 1964 da 1983 da 1991. Ko ma wanne aka ɗauka, babu ma'aunin da ke auna daɗi. Abin da mai ƙorafi ya kan manta shi ne, waƙoƙin zamaninsa da yake tunawa tatattu ne, shekaru sun riga sun zubar da dubban marasa kyau da aka yi tare da su, alhali na yanzu yana jin su ne a cakuɗe, masu kyau da marasa kyau. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a wannan fage barar da ake tunawa ma an riga an yi mata gyaran fuska.

An yi zaton intanet za ta warware matsalar, kuma ta wani gefen ta warware. Spotify, wanda ya fara aiki a Suwidin a 2008, yana ɗauke da waƙoƙi sama da miliyan 100, kuma tun 2015 yake haɗa wa kowane mai sauraro jerin waƙoƙi 30 a kowace Litinin bisa hasashen abin da zai so. Sai dai hasashen yana dogara ne da abin da mutum ya riga ya saurara da abin da masu irin sauraronsa ke ji, don haka wanda ya shafe shekara yana kunna waƙoƙin ƙuruciyarsa za a ci gaba da kawo masa danginsu. Sauƙin tsallakewa ma ya kashe wancan tilas na zamanin kaset. Wani nazari da Paul Lamere ya yi a 2014 a kan bayanan dandalin ya nuna cewa kusan waƙa ɗaya cikin huɗu ana tsallake ta ne a cikin daƙiƙa biyar na farko. A daƙiƙa biyar kunne ba ya iya yanke hukunci a kan kyawun waƙa, iyakarsa ya tantance ko ta yi kama da abin da ya sani. Na'ura kuma ba ta iya yin abin da aboki ke yi, wato ya nace maka, ya sake kunna waƙar duk da ka yamutsa fuska, ya ce ka jira ka ji amshin, har ka ba ta dama saboda darajarsa. Manyan da suka ci gaba da gano sababbin waƙoƙi galibi waɗanda ba su rasa irin wannan mutum ba ne, ko abokin aiki ne ko ƙane ko kuma 'ya'yansu da ke ƙwace ikon zaɓen waƙa a cikin mota.

Tasirin kuma yana tafiya ta ɓangare biyu. Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da Justin Zupnick sun gano a 2013 cewa ɗalibai 'yan kimanin shekara ashirin suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin farkon shekarun 1980, wato na lokacin samartakar iyayensu, waɗanda suka tashi suna ji a gida tun ba su san sunan mawaƙan ba. Manhajojin zamani sun ƙara faɗaɗa wannan hanya, domin a wayar matashi waƙar da aka naɗa shekara arba'in da suka wuce da wadda ta fito jiya suna zaune a layi ɗaya. A 2022 wata waƙar Kate Bush da ta fito tun 1985 ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya bayan an sa ta a wani shirin Netflix, kuma da yawan waɗanda suka ɗaga ta ba a haife su ba lokacin da aka rera ta. A Amurka kuwa, waƙoƙin da suka wuce wata 18 da fitowa su ne ke ɗaukar sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake saurare. Binciken 1989 da na 2018 duka sun ginu ne a kan zaton cewa waƙar ƙuruciyar mutum ita ce wadda ta fito yana matashi, zaton da ya dace da zamanin da rediyo da shagon faifai ke tsara abin da kowa zai ji. Ga yaron da ya cika shekara 14 da waya a hannunsa, waƙar da za ta manne masa har tsufa tana iya kasancewa ta sa'annin kakansa, ko kuma ta wata ƙasa da bai taɓa jin harshenta ba.